Aure da Takardar Zama: Abin da Ya Kamata Iyalan Kan Iyaka Su Sani

A ziyarce-ziyarcen da muke yi cikin ikilisiyoyin ƙauyukan Sabon Birni da Isa, akwai wata tambaya da ba ta rabuwa da mu. Wani lokaci fasto ne zai ja mu gefe bayan sujada, wani lokaci kuma wata uwa ce za ta ɗaga hannu a taron Zumuntar Mata ta ce, "Malam, surukina mutumin Nijar ne. Aikin wata uku ya kawo shi, ya auri 'yata. Yanzu ai ya zama ɗan ƙasa ko?"

Amsa a taƙaice ita ce a'a. Aure ba ya canja takardar da mutum ya shigo ƙasa da ita, ba ya kuma ƙara masa ko kwana ɗaya a kan izinin da aka ba shi. Abin da aure yake yi shi ne ya ba mutum damar neman wata sabuwar takarda. Wanda bai nema ba, a idon hukuma yana nan yadda ya shigo, ko da ya yi jikoki a garin.

Abin da ya sa muka ɗauko wannan magana

Akwai wani ɗan'uwa magini, daga wajen Madawa, wanda ya zo ci-rani ya yi mana aikin ɗaure bakin rijiya a wani ƙauye. Aikin ya ƙare, shi bai koma ba, domin ya ga yarinya a ikilisiya, iyaye suka amince, aka ɗaura aure. Ya shekara shida yana noma gonar surukinsa, yana gini da rani, Allah ya ba su 'ya'ya uku. Ran nan ya samu aikin gini a birni. A wani shingen bincike aka sauke shi daga mota aka ce ya nuna takardunsa. Ya fito da katin da fasto ya rubuta musu ranar biki da hoton iyalinsa. Aka ce masa, "Mun ga kana da mata. Ina izinin zamanka?" Ba shi da amsa. Sai da dattawan ikilisiya da mai unguwa suka yi kwana biyu suna kai da kawowa kafin ya dawo gida, aikin kuwa an riga an ba wani.

Wannan ɗan'uwa ba mai laifi ba ne a zuciyarsa. Rashin sani ne, kuma irinsa suna da yawa a cikinmu.

Gobir ɗaya, gwamnati biyu

Ba abin mamaki ba ne mutanenmu su ɗauka cewa babu wani bambanci tsakanin nan da can. Alƙalawa, tsohon birnin Gobir, tana nan cikin ƙasar Sabon Birni. Bayan faɗuwarta a 1808 Gobirawa suka yi arewa, daga baya suka kafa Tsibiri kusa da Maradi. Daga Tsibiri ne kuma Ɗan Halima ya taso da jama'arsa ya kafa Sabon Birni a ƙarni na 19. Turawan Ingila da na Faransa su ne suka zo suka shata iyaka, suka kakkafa alamu tsakanin 1906 da 1908, suka bar wa a wancan gefe, ƙane a wannan. Ko Gulbin Maradi ma daga Najeriya yake tasowa, ya ratsa Nijar, ya sake dawowa ya haɗu da Gulbin Rima.

Haka zumuncin masu bi yake. Mishan ta SIM ta zauna a Tsibiri tun kafin 1930, ta buɗe asibitin Galmi a 1950, kuma iyayenmu da yawa can suka je neman magani. Auratayya tsakanin ikilisiyoyin nan da na can tsohon abu ne. Amma jini ɗaya da harshe ɗaya ba su hana ƙasashen zama biyu ba, kowace da dokarta. Jami'in da ke kan iyaka ba tsagen fuska yake dubawa ba, takarda yake dubawa.

Da wane izini baƙo yake aiki a nan?

Baƙin da ke aiki a yankinmu kashi biyu ne.

Kashi na farko su ne 'yan ƙasashen yammacin Afirka. A 1979 ƙungiyar ECOWAS, wadda 'yan'uwanmu na Nijar ke kira CEDEAO, ta amince cewa ɗan kowace ƙasa cikinta zai iya shiga wata ba tare da biza ba, ya zauna har kwana 90, muddin yana da takardar tafiya mai kyau da katin rigakafi. A 1986 aka ƙara da 'yancin zama domin neman aiki da yin sa, ban da aikin gwamnati. Amma wanda zai wuce kwana 90 sai ya kai kansa ofishin hukumar shige da fice ya nemi katin zama. Mafi yawan masu ci-rani, masu aikin albasa a fadama, magina, maɗinka da masu haƙar rijiya, a wannan kashi suke. Mafi yawansu kuma ba su taɓa neman katin ba.

Kashi na biyu su ne waɗanda suka fito daga ƙasashen da sai da biza, kamar likita ko injiniyan famfo da wata ƙungiya ta gayyato. Idan aikin na ɗan lokaci ne, ƙungiyar ce take nema masa izinin aiki na wucin gadi. Idan na dogon zama ne, sai a ba shi katin da ake kira CERPAC. Irin wannan izini a ɗaure yake da aikin da kuma wanda ya ɗauki mutumin. Ranar da aikin ya ƙare, dalilin zaman ya ƙare. Idan ya yi aure a tsakiyar aikin, kwanakin izinin suna ci gaba da ƙarewa kamar da. Kafin su cika ya kamata ya nemi takardar da ta dace da sabon halinsa. A tsarin biza da Najeriya ta ƙaddamar a 2020 an ware rukuni na musamman domin mata ko mijin ɗan ƙasa, amma shi ma nema ake yi.

Abin da ya canja tun 2023

Shekaru da yawa babu wanda ya damu da waɗannan takardu, domin ba a cika tambaya ba. Yanzu zamani ya juya. Bayan juyin mulkin 26 ga Yuli 2023 a Nijar, aka rufe iyaka, ba a buɗe ba sai a watan Maris na 2024. A waɗannan watanni takardar aure ba ta buɗe wa kowa ƙofar Illela ko ta Jibiya ba. A ranar 29 ga Janairu 2025 kuma Nijar da Mali da Burkina Faso suka fita daga ECOWAS.

A wannan rana ECOWAS ta buƙaci ƙasashenta su ci gaba da karɓar fasfo da katin shaida na 'yan waɗannan ƙasashe uku, su bar su su shiga, su zauna, su yi sana'a ba tare da biza ba, har sai an ba da wata sanarwa. Su ma ƙasashen uku sun sanar a Disamba 2024 cewa 'yan ECOWAS za su shiga wurinsu ba biza. Mun gode wa Allah domin wannan. Amma mu lura: abin da dā yarjejeniya ta tsare, ya koma yana rataye a kan sanarwa, sanarwa kuwa ana iya sake ta. Tsofaffinmu ba su manta da watan Janairu na 1983 ba, lokacin da gwamnatin Shehu Shagari ta ba baƙi marasa takardu 'yan makonni su bar ƙasa. Saboda haka mai iyali a nan ya nemi takardar da ta dogara a kan aurensa. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Idan matar ce baƙuwa

Kundin tsarin mulkin Najeriya na 1999, sashe na 26, ya ba macen da ta auri ɗan Najeriya damar zama 'yar ƙasa ta hanyar rajista. Sharuɗɗan su ne ta kasance mai halin kirki, ta nuna a fili cewa a Najeriya take son zama, ta kuma yi rantsuwar biyayya ga ƙasa. Ana miƙa buƙatar ga Ma'aikatar Harkokin Cikin Gida a Abuja, Shugaban Ƙasa ne kuma yake amincewa. Daga cikin abin da ake nema akwai takardar aure, takardar haihuwarta, fasfonta, izinin zamanta, da shaidar cewa mijin ɗan Najeriya ne.

Ga abu biyu da za su kwantar wa mata hankali. Na ɗaya, sashen bai tsaya ga wadda mijinta yake da rai ba. Ya haɗa har da wadda ta taɓa auren ɗan Najeriya. Ke nan gwauruwar da mijinta ya rasu ba ta rasa wannan dama ba, in dai tana da abin da za ta nuna cewa an yi auren. A wannan lokaci na rashin tsaro da muka binne magidanta da yawa, wannan ba ƙaramar magana ba ce. Na biyu, wadda aka haifa 'yar Nijar ba sai ta yar da ƙasar haihuwarta ba. Sashe na 28 bai hana ta riƙe ta ba, ita ma Nijar tun 2014 ta yarda ɗanta ya riƙe ƙasa biyu.

Idan mijin ne baƙo

Nan ne mutane suka fi yin kuskure. Sashe na 26 mace kaɗai ya ambata. Namijin da ya auri 'yar Najeriya ba ya zama ɗan ƙasa ta wannan hanya. A watan Maris na 2022 aka kawo ƙudurin gyara wannan a Majalisar Tarayya, 'yan majalisa suka ƙi shi, mata suka yi kwanaki suna zanga-zanga a ƙofar majalisar, amma wancan zagaye na gyaran tsarin mulki ya wuce ba a canja sashen ba.

Hanya biyu ce ta rage wa miji. Ta farko tana cikin sashe na 32, wanda ya ba da damar a ba abokin auren ɗan ƙasa matsayin baƙo na musamman, mai cikakken 'yancin zama. Ma'aikatar Harkokin Cikin Gida ce take ba da shi. Mai wannan matsayi zamansa bai dogara a kan wani ubangida ko wani aiki ba. Amma ba ɗan ƙasa ba ne, ba zai yi zaɓe ba, ba zai riƙe fasfon Najeriya ba.

Ta biyu ita ce ta sashe na 27, wadda take buɗe ga kowane baƙo, mai aure ko marar aure. Ana bukatar zaman shekara 15 a ƙasa, da halin kirki, da shaidar gwamnan jiha cewa jama'ar wurin sun karɓi mutumin. A nan ne rashin katin zama yake cutarwa. Mutum zai shekara 20 a ƙauye, amma in aka ce ya kawo shaidar shekarun, babu ko takarda ɗaya mai kwanan wata.

Ga waɗanda suka ƙetara Nijar

Tun 2019 dubban mutanen Sabon Birni da Isa suka gudu zuwa jihar Maradi saboda 'yan bindiga. Wasu suna ƙauyukan Gidan Rumji, wasu an zaunar da su a Garin Kaka da Ɗan Daji Makau da Cadakori. Wasu sun yi aure a can.

Dokar zama ɗan ƙasa ta Nijar ta 1984 ce, an yi mata gyara a 2014. Tun daga wannan gyara, namiji ko mace, duk wanda ya auri ɗan Nijar zai iya nema, bayan auren ya cika shekara 3, suna zaune tare, shi kuma yana zaune a ƙasar bisa ƙa'ida. A wannan fanni dokarsu ta daidaita miji da mata. Amma can ma sai an nema, kuma sai auren yana rubuce a ma'aikatar magajin gari. Mu kuma sani cewa a Janairu 2025 Nijar ta fito da sabuwar doka mai tsanani game da shigar baƙi da zamansu, har da hukuncin ɗauri.

Wanda yake da katin ɗan gudun hijira, aure kaɗai ba ya soke masa shi. Amma ranar da ya karɓi zama ɗan wata ƙasa, matsayinsa na ɗan gudun hijira ya ƙare. Ya kamata ya yi shawara da jami'an da suka yi masa rajista kafin ya ɗauki mataki.

Wace takardar aure ce hukuma take nema?

Auren gargajiya aure ne a dokar Najeriya, haka ma auren Musulunci. Wahalar ita ce shaida. Katin da fasto ya rubuta yana da daraja a ikilisiya, amma ba kowane ɗaurin aure na majami'a ne auren doka ba. Dokar Aure, wadda ta samo asali tun 1914, ta shimfiɗa matakai kamar haka:

1. A kai sanarwa ga mai rajistar aure. Ɗaya daga cikin masu auren ya kasance ya zauna a yankin aƙalla kwana 15.

2. A jira kwana 21, ko akwai mai ƙorafi.

3. Mai rajista ya ba da takardar izini, a ɗaura auren cikin wata 3 daga ranar sanarwa.

4. A ɗaura shi a ofishin rajista, ko a majami'ar da take da lasisin ɗaura aure, ƙofa a buɗe, a gaban shaidu biyu.

5. Wanda bai kai shekara 21 ba ya kawo yardar iyaye a rubuce.

Yawancin majami'un ƙauyukanmu ba su da wannan lasisi. Ya kamata kowane fasto ya san matsayin majami'arsa ya kuma faɗa wa masu aure gaskiya. Waɗanda suka riga suka yi aure bisa al'ada suka karɓi albarka a ikilisiya, suna iya zuwa ofishin rajista su biyun su yi na doka. Amma wanda ya bar wata matar a garinsu, ya zo ya yi auren doka da wata a nan, ya aikata laifi mai hukuncin ɗauri. Shi ya sa muke roƙon dattawa, kafin a karɓi sadakin baƙo, a aika wa ikilisiyarsu ta gida a tambaya.

Ina matsayin 'ya'ya?

Nan labari mai daɗi ne. Bisa sashe na 25, yaron da uwarsa ko ubansa ɗan Najeriya ne, shi ma ɗan Najeriya ne ta haihuwa, ko a Isa aka haife shi ko a Maradi. Ita ma Nijar tun 1999 ta yarda uwa ta ba ɗanta ƙasa kamar yadda uba yake bayarwa. Ke nan 'ya'yan maginin nan guda uku suna da haƙƙi a ƙasashen biyu, ko da ubansu ba shi da katin zama.

Amma haƙƙin da ba shi da takarda wuyar karewa gare shi. A nan, Hukumar Ƙidayar Jama'a ce take ba da takardar haihuwa, doka kuma ta ce a yi rajista cikin kwana 60. Katin awo na asibiti da katin baftisma ba sa maye gurbinta. A Nijar ana yi a ma'aikatar magajin gari, in lokaci ya wuce sai an bi ta kotu. A tabbata sunan yaro da na iyayensa iri ɗaya ne a kowace takarda. Rubutun Faransanci da na Ingilishi sun bambanta, har suna ɗaya ya koma kamar na mutum biyu.

Abubuwan da za mu guje wa

Kada baƙo ya nemi takardar ɗan asalin ƙaramar hukuma da sunan surukinsa. Kada ya yanki katin zaɓe. Kafin zaɓen 2023 hukumar shige da fice ta sanar da ƙwace dubban katunan zaɓe da na shaidar ɗan ƙasa daga hannun baƙi. Ƙarya ɗaya a takarda tana iya rushe buƙatar gaskiya da mutum zai kawo daga baya.

Kada a ɗauka lambar NIN shaidar zama ɗan ƙasa ce. Ana ba da ita ga 'yan ƙasa da kuma baƙin da ke zaune bisa ƙa'ida.

Kada a ɗaura aure domin takarda kawai. Aure alkawari ne a gaban Allah, ba hanyar ƙetare iyaka ba.

Kada a ba ɗan kamasho kuɗi a tasha ko a gindin bishiya. A je ofis, a tambayi kuɗin da aka ƙayyade, a karɓi rasit.

Mun san hanyoyin daji sun fi kusa, mun kuma san haɗarin da ke kan manyan hanyoyinmu. Amma wanda yake shirin neman katin zama yana bukatar hatimin shigowa a takardarsa ta tafiya, domin daga ranar hatimin ake fara ƙidayar kwana 90. In an tambaye shi abin da ya kawo shi, ya faɗi gaskiya.

Abin da ikilisiya za ta iya yi

Muna ba da shawara kowace ikilisiya ta keɓe littafi guda na aure da haihuwa, mai cikakken suna da kwanan wata da sa hannun shaidu. Sakatare ya rubuta iyalan da ɗaya cikin ma'auratan daga ƙetare yake, a duba wace takarda suke da ita, wace ce babu. Zumuntar Mata ta ɗauki nauyin tunasar da masu jego batun takardar haihuwa tun kafin a fita wanka. A yi hoton kowace takarda a ajiye a wuri biyu, gama mun ga gidaje da yawa da aka ƙone da duk abin da ke ciki. In za a je Sakkwato ofishin shige da fice, ko Kano ƙaramin ofishin jakadancin Nijar, a haɗa iyalai kaɗan su tafi tare da dattijo guda mai karatu. Wannan taimako kuma kada ya tsaya ga masu bi kaɗai. Maƙwabtanmu Musulmi suna da irin wannan damuwa, a faɗa musu abin da aka koya.

Mu tuna da Rut, baƙuwa daga Mowab, wadda ta zo Baitalami tana kala a gonar mutane. Da Bo'aza ya yi niyyar aurenta, bai yi abin a ɓoye ba. Ya tafi ƙofar gari, inda ake yanke magana a zamaninsu, ya tara dattawa goma, aka daidaita kome a gabansu suka zama shaidu. Ya yi haka domin kada gobe wani ya tashi ya ce Rut da 'ya'yanta ba su da gurbi a garin. Abin da muke roƙon magidanta su yi wa iyalansu ke nan.

Duk mai tambaya ya sanar da fastonsa, za mu zauna da shi a ziyararmu ta gaba. Ubangiji ya kiyaye fitarku da shigarku, ya ba ƙasar Gobir salama, nan da can. Amin.